Faifan Ƙarfe Bisa Akwatin Katako: Mas'alar Sauya Murfin Bututun Hayaƙi a Gidajen Amurka

Wanda ya ratsa unguwannin da ke kewaye da manyan biranen Amurka da Kanada, musamman waɗanda aka gina daga wajen 1970 zuwa yau, in ya ɗaga kai zai ga gidaje masu yawa da wani dogon gini mai kusurwa huɗu manne a jikin bango, ya taso tun daga ƙasa har ya zarce rufi, sa'an nan wani ɗan bututun ƙarfe mai hula ya leƙo ta samansa. Baƙo yakan ɗauka ginin tubali ne, domin sau da yawa akan yi masa ado da fallayen dutse ko na jan bulo, alhali kuwa in an ƙwanƙwasa shi da hannu sai a ji cikinsa fayau. Akwati ne na katako wanda kafinta ya harhaɗa, ba don kome ba sai don ya suturta bututun hayaƙi na ƙarfe wanda aka ƙera a masana'anta, aka kawo shi gaɓa-gaɓa, aka jojjona tun daga murhun da ke cikin falo har zuwa sararin samaniya.

A bisa wannan akwati akwai faifan ƙarfe guda ɗaya, shimfiɗaɗɗe, mai lanƙwasassun gefuna, da huda a tsakiya ko a gefe inda bututun yake fitowa. Mai gida ba ya ganinsa daga ƙasa, kuma galibi ba ya sanin da shi sai ran da ya ɓaci. Shi ne abin da wannan rahoto ya nufa, domin akwai wata mas'ala da takan taso wa masu irin waɗannan gidaje duk lokacin da suka cire tsohon murhu suka sa sabo: sabon bututu ya zo, kaurinsa dabam, mazauninsa dabam, ga kuma tsohon faifai da tsohuwar hudarsa. Shin a yi masa faci ya ci gaba da aiki, ko kuwa a cire shi ɗungurungum a ƙera wani? Tambayar ƙarama ce a baki, amma amsarta ta rataya ga ruwa da wuta da tsatsa da doka, kuma ko a tsakanin masu sana'ar ba a rasa saɓani a kanta ba.

Yadda katako ya koma bisa rufi

Abin mamaki a tarihin wannan al'amari shi ne, hukumomin Amurka na farko sun soma ne da haramta ainihin abin da jikokinsu suka komo suka rungume. Turawan da suka fara zama a gaɓar gabashin ƙasar sukan gina bututun hayaƙi da itace su shafe cikinsa da yumɓu, to da yake yumɓu yakan tsattsage, wuta kuwa ba ta rasa hanya, sai gobara ta yi ta cin garuruwansu. A wajen 1631 mahukuntan Boston suka hana bututun itace da rufin ciyawa, a 1648 kuma Peter Stuyvesant, gwamnan garin da Holandawa suke kira Sabuwar Amsterdam, wanda shi ne ya zama Niyok, ya naɗa mutane huɗu masu kewayawa gida-gida suna duba bututai suna cin masu sakaci tara. Daga nan aka koma ga tubali da dutse, aka zauna a kansu shekaru kusan ɗari uku, kuma a cikin wannan zamani ne Benjamin Franklin ya fito da murhunsa na ƙarfe a farkon shekarun 1740, wani mai suna Rumford kuma ya wallafa bayaninsa a 1796 a kan yadda za a tsuke maƙogwaron murhu don ya daina mayar da hayaƙi cikin ɗaki.

Ginin tubali kuwa yana da nauyi, yana bukatar harsashi nasa na kansa, da magini gwani, da kuɗi masu kauri. Saboda haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka dinga gina gidajen katako dubbai cikin gaggawa domin sojojin da suka komo da iyalansu, masana'antu suka fito da murhun ƙarfe da bututunsa waɗanda za a iya ajiyewa a cikin firam ɗin katako ba tare da an kira magini ba. Da takunkumin man fetur na 1973 ya sa kuɗin ɗumama gida ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka juya ga itace da yawansu, kasuwar waɗannan kaya ta ƙara buɗewa. Ta haka katako ya sake hawa bisa rufi ya kewaye hayaƙi, illa iyaka wannan karon akwai ƙarfe tsakaninsu, da wani fili na iska wanda doka ta wajabta, galibi inci 2 daga bayan bututu zuwa kowane abu mai cin wuta. Dukan amincin tsarin ya dogara ga wannan ɗan fili da kuma bushewar abin da ke kewaye da shi.

Hidima biyu masu karo da juna

An ɗora wa faifan nan hidima biyu waɗanda ba su cika jituwa ba. Ta farko ita ce ya hana ruwa shiga, ko na sama ko na narkakkiyar dusar ƙanƙara, wanda hakan ke neman a toshe kowace kafa a matse kowane gefe. Ta biyu ita ce kada ya zama sababin da zai tara zafi a cikin akwatin ko ya kai shi ga katako, wanda hakan kuma ke neman a bar tazara, a wasu tsare-tsaren ma har a ɗaga faifan kaɗan bisa 'yan ƙarafa domin iska ta riƙa zagayawa. Ƙarfen bututu yana miƙewa in ya yi zafi, yana komawa in ya huce, don haka ba a iya ɗaure shi tamau da faifan. Dole a bar shi ya yi motsinsa a cikin wani ɗan wuya da aka tayar a bakin hudar, sa'an nan a kawo wata kwala mai siffar malfa a ɗaura wa bututun daga sama, a liƙe bakinta da danƙon silikon mai jure zafi, ta sauko ta lulluɓe wuyan. Ruwan da ya gangaro ta jikin bututu sai ya faɗa kan kwala, daga kwala ya faɗa kan faifai, daga faifai ya zuba waje. In ɗaya daga cikin waɗannan ukun ya kasa, sauran biyun ba su da amfani.

Mu da muka san soro ba ma bukatar dogon sharhi a nan, domin duk wanda ya taɓa ganin abin da toshewar indararo ke yi wa rufin ƙasa a tsakiyar damina ya riga ya fahimci cewa ruwa ba ya rushe gini da ƙarfi, da zama yake rushe shi. Masu gina gidaje don sayarwa, da yake ribarsu tana cikin rage kuɗin abin da mai saye ba zai gani ba, sun saba sa faifai na siririn kwano mai rufin tutiya, shimfiɗe sumul ba tudu. Shekara ta farko lafiya lau. Sannu a hankali nauyin dusar ƙanƙara da zafin rana su sa tsakiyarsa ta lotsa, ruwa ya sami wurin kwanciya, ganyaye su taru su ruɓe a ciki, hayaƙin da ke fitowa kuma ya riƙa zubo da ɗan tsaminsa a kai. Tutiyar da aka shafa wa ƙarfen, bisa dabarar da Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi wa rajista a 1837, aikinta shi ne ta ƙare a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. To ran da ta ƙare, sai tsatsa ta kama.

Wanda ya hau tsani ya duba irin wannan faifai bayan ya kwana biyu zai ga abin da ido ba ya so: wani ɗan tafki mai ruwan ɗorawa a tsakiya, gefensa da zobba-zobba na tsatsa masu nuna inda ruwa ya tsaya a lokuta dabam-dabam, kawunan ƙusoshin da aka buga ta sama sun kumbura sun yi ja, danƙon da aka shafa musu ya bushe ya tsage, in kuwa aka danna ƙarfen da babban yatsa a kusa da wuya sai a ji yana ɓurma. Daga ƙasa alamar farko ita ce jajayen layuka da ke gangarowa a jikin akwatin. Masu sana'ar sukan ce in an ga waɗannan layuka to an riga an makara da 'yan shekaru, domin ruwan da ya zana su a waje ya daɗe yana ɗiga a ciki, yana jiƙa katako, yana cin saman murhun ƙarfe, yana tara funfuna a bayan bangon falo. A jihohin arewa masu tsananin hunturu kuma akwai ƙarin musiba, domin ruwa in ya daskare yakan ƙaru da wajen kashi 9 cikin ɗari, sai ya buɗe kowace 'yar tsaga ya mai da ita ƙofa.

Abin da ke kawo sabon bututu

Mafi yawan tsofaffin murhunan nan na ƙarfe an yi su ne domin ƙawa, a ga harshen wuta a ji daɗi, zafinsu kuwa galibinsa bututu yake bi ya fice. Saboda haka mai gidan da ya gaji da sayen itace ba ɗumi yakan yanke shawarar ya cire shi ya sa ɗayan biyu: ko rufaffen murhun itace na zamani, irin wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta soma gindaya wa sharuɗɗan hayaƙi tun 1988 ta kuma ƙara tsananta su a 2020, ko kuwa murhun gas. Kowanne daga cikinsu yana zuwa da bututunsa, kuma a nan ne mutane da yawa suke fara jin labarin da ba su zata ba, wato cewa tsohon bututu ba zai yi ba.

Dalili kuwa shi ne, hukumar gwaji ta Underwriters Laboratories, wadda aka kafa a Shikago a 1894, ba ta shaidar murhu shi kaɗai ko bututu shi kaɗai a irin wannan tsari; tana shaidarsu ne a haɗe, tamkar abu guda, har ma ba a yarda a jona gaɓar wani kamfani da ta wani ba ko da bakinsu ya yi daidai. Tsohon bututu galibi mai bango biyu ne ko uku, wanda iska ke ratsa tsakaninsu tana sanyaya shi, cikinsa inci 8 ko fiye, bayansa kuwa yakan haura inci 10 har ya kai goma sha wani abu. Rufaffen murhun itace yana son bututu mai cikin inci 6 a mafi yawan lokuta, mai bango biyu cushe da abin tare zafi, wanda bayansa bai cika wuce inci 8 ba, kuma wanda ya ci jarrabawar da ake kira UL 103 HT, wato ya jure zafin digiri 1,000 na ma'aunin Farenhait a kullum, ya kuma jure 2,100, kimanin 1,150 a ma'aunin Salshiyas, har sau uku na minti goma-goma, domin kwaikwayon gobarar da kan tashi a cikin bututu in kunkunniya mai kama da kwalta ta taru ta kama. Hikimar cusa masa abin tare zafi ita ce hayaƙi ya kasance da ɗuminsa har ya fita, domin in ya huce ƙasa da wajen digiri 250 na Farenhait sai ya daskare a jikin ƙarfe ya zama wannan kwaltar. Murhun gas kuwa sau da yawa bututunsa biyu ne a cikin ɗaya, na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska, kuma shi ma kaurinsa bai kai na tsohon ba.

To ga yadda lamarin yake kasancewa a bisa rufi: huda mai faɗin inci 13, alal misali, ga bututu mai kaurin inci 8 yana tsaye a ciki, kuma ba lalle ya tsaya a tsakiya ba, domin bakin sabon murhu ba ya zama daidai inda na tsohon yake, sai bututun ya karkata gaba ko baya da 'yan incina. Kwalar da ta zo da sabon bututu ba ta da faɗin da za ta rufe wannan gibi. Wani lokaci ma sabon bututun yakan zo ya ci karo da gefen tsohuwar huda, sai an yanka.

Hujjar masu faci da hujjar masu sauyi

Masu goyon bayan faci ba wawaye ba ne, kuma adalci ne a ji hujjarsu. Suna cewa, in faifan na ƙarfe ne mai kyau, ba tsatsa, ba lotsawa, me zai sa a jefar da shi saboda huda kurum? A yanko wani ƙaramin faifai mai sabon wuya daidai da sabon bututu, a yanke tsohon wuya ko a kife sabon a bisansa, a shimfiɗa danƙo, a ɗaure da ribit, an gama cikin sa'a guda da kuɗi kaɗan. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan tsabta, wato a bar tsohon wuya yadda yake a tsaye, a ƙera wata babbar kwala mai faɗi ko wani ɗan murfi mai gangara wanda zai sauko ya rufe shi ta waje, ta yadda ruwa ba zai shiga ba sai in ya iya hawa tudu. Wannan dabara ta biyu, in sabon bututu ya faɗo a cikin da'irar tsohuwar huda kuma faifan yana da sauran rai, ni ban ga abin zargi a cikinta ba, domin ba ta dogara ga danƙo ba, ta dogara ne ga siffa.

Amma faci na farko, wanda ake shimfiɗa ƙarfe bisa ƙarfe a miƙa amana ga danƙo, shi ne nake ganin rauninsa ya fi ƙarfinsa. Danƙo yana da ajali. Rana tana dukansa da rani, sanyi yana matse shi da hunturu, ƙarfen da ke sama da na ƙasa suna miƙewa suna komawa ba a tare ba, kuma kowane ribit da aka buga sabuwar huda ce a shimfiɗaɗɗen wurin da ruwa ke kwanciya. Bayan haka, gefen facin yakan zama ɗan shinge mai tare ruwa a daidai wurin da ake so ya wuce. Mafi muni kuwa, ran da ya fara yoyo ba wanda zai sani, domin ɗigon yana sauka ne a cikin rufaffen akwati, bisa sabon murhun da aka kashe dubban daloli aka saya. Mutumin da ya biya wannan kuɗi duka, sa'an nan ya zo ga faifan da bai wuce 'yan ɗaruruwa ba ya ce a nan zai yi tsimi, lissafinsa bai fita ba.

Akwai kuma wata fa'ida ta cire tsohon faifai wadda masu faci sukan manta, wato ita ce dama guda da za a leƙa cikin akwatin daga sama da hasken rana. A nan ne ake ganin ko katakon da ke baki ya ruɓe, ko an sa faifan tare wuta a kowane hawa na bene kamar yadda doka ta ce, ko wani kafinta na dā ya bar guntun katako ko abin tare sanyi ya jingina da bututu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin itacen da ya shekara da shekaru yana shan zafi yakan sauya ɗabi'a, ya bushe ya gasu a hankali, har ya kai yana iya kamawa a zafin da sabon itace ba zai kula da shi ba. Gidan da ya yi shekara ashirin lafiya ba hujja ba ne cewa zai yi ashirin da ɗaya.

Zaɓen ƙarfe

In an tsai da shawarar sauyawa, saura zaɓen ƙarfe, kuma a nan kusan ijma'in masu sana'ar ya tafi ga ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913. Nau'in da aka fi amfani da shi, mai lamba 304, yana da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, kuma kuromiyam ɗin ne ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata mai sabunta kanta duk lokacin da aka karce ta. Gidajen da ke bakin teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, an fi so musu mai lamba 316, wanda aka ƙara wa molibdenam. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da laushi, yana lotsawa, iska mai ƙarfi tana iya lanƙwasa shi. Jan ƙarfe yana da kyau ga ido kuma yana daɗewa ƙwarai, sai dai tsada, ga shi kuma ba ya zaman lafiya da maƙwabta: in ya haɗu da kwano mai tutiya ko alminiyam a wuri mai laima sai ya sa su lalace da wuri, har ruwan da ya gangaro daga kansa yakan ci abin da ke ƙasa. Don haka ƙusoshin ma sai a nemi waɗanda suka dace da faifan.

Awo da ɗorawa

Ba a sayen wannan faifai a kanti a ɗauko, domin ba akwati biyu da suke daidai. Maƙerin farin ƙarfe ne ke lanƙwasa shi bisa awon da aka kai masa, kuma in awo ya ɓaci, asarar mai awo ce. Gwani yakan auna dukan ɓangarori huɗu, ba biyu ba, daga wajen allunan ado, sa'an nan ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye domin ya san ko akwatin ya karkace, abin da ba a rasa ba a aikin katako. Yakan ƙara ɗan rubu'in inci ko rabi domin faifan ya zauna ba da dole ba. Hudar kuwa ba a ƙiyasta ta. Sai an kafa sabon bututu ya tsaya a miƙe, ko a saukar da igiya mai dalma daga sama zuwa bakin murhu, sa'an nan a auna daga gefuna biyu zuwa tsakiyarsa, a zana a takarda, a rubuta wane gefe ne ke fuskantar rufi. Maƙera da yawa sun ga faifan da aka ƙera daidai amma a juye, hudar ta faɗa hagu alhali bututu yana dama, saboda mai zane ya zana yana kallo daga ƙasa, maƙeri kuma ya karanta kamar daga sama.

Faifai nagari ana gane shi da abubuwa kaɗan. Za a ga an karya shi kaɗan daga kusurwa zuwa kusurwa, layi biyu masu gicciye, domin tsakiyarsa ta yi tudu ya kuma yi ƙarfi. Gefensa ya sauko wajen inci 3 ko 4 ya rufe bakin katako, ƙarshensa kuma ya ɗan fanɗare waje, domin ruwa ya ɗiga nesa da bango maimakon ya bi jikinsa. Wuyansa ya tashi inci biyu ko uku, an yi masa walda kewaye, ba liƙi ba. In akwatin mai faɗi ne, sai a gitta wani abin tallafi a ƙarƙashi don kada ya lotsa, tare da kiyaye tazarar nan ta inci 2. Ƙusoshi masu barima kuwa ta gefe ake ɗaura su, ba a huda saman ko kaɗan. Ranar ɗorawa ana son mutum biyu da iska mai sauƙi, domin faifai mai tsawon ƙafa biyar ko shida in iska ta shiga ƙarƙashinsa tana iya fizge shi tare da mai riƙe da shi, bakinsa kuma yana yanka hannu. Ana cire hula, a zura faifai ta kan bututu, a zaunar da shi, a ɗaure, a sa kwala a liƙe, a mayar da hula.

Tsawon bututun ma yana da hukuncinsa, wanda kowane mai sana'a ya haddace: ya zarce wurin da ya ratsa rufi da ƙafa 3 a ƙalla, ya kuma fi duk wani sashe na ginin da ke cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2. Littafin kamfanin da ya ƙera bututun kuma yakan faɗi tazarar da za a bari tsakanin faifai da hula, kuma wannan littafi shi ne hujjar da mai duba gini zai nema, ba ra'ayin kafinta ba. Hular kanta tana da raga mai tare tartsatsi da dabbobi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai kama da tsattsewa wanda ya saba yin sheƙa a cikin bututan tubali na gabashin Amurka, da kaka kuma ya yi ƙaura zuwa yankin kogin Amazon, kuma dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana a taɓa sheƙarsa muddin akwai ƙwai ko 'ya'ya a ciki. A tubali yana samun wurin kama ƙafa. A santsin bututun ƙarfe kuwa in ya faɗa ba ya iya fita, saboda haka rufe irin wannan bututu da raga rahama ce gare shi.

Hukuma da inshora

Ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka, wadda aka kafa a 1896, tana da wani kundin ƙa'idoji mai lamba 211 wanda jihohi da garuruwa da yawa suke ɗauka su mai da shi doka ko su yi ƙiyasi da shi. Kundin ya ce a duba kowane bututu sau ɗaya a shekara, ya kuma kasa dubawa mataki uku. Sauya murhu da wani iri dabam, ko sauya makamashi, ko sayar da gida, ko aukuwar gobara a cikin bututu, duk suna wajabta mataki na biyu, inda ake shiga ƙarƙashin rufi a duba abin da za a iya kaiwa gare shi, a kuma zura kyamara cikin bututun. Akwai wata cibiya a jihar Indiyana da ke ba masu share bututu takardar shaida tun shekarun 1980, Kanada ma tana da tata. A garuruwa da yawa sai an karɓi izini kafin a soma aikin, kuma kamfanin inshora, in gobara ta auku ya tarar an sa murhu ba izini ko an saɓa wa littafin masana'anta, yana da ƙofar da zai bi ya yi gardamar biya. 'Yan'uwanmu da ke zaune a can, waɗanda suka sayi irin waɗannan gidaje ba su taso da murhun bango ba, ya kamata su nemi takardar dubawar nan tun kafin su sa hannu a ciniki.

Haɗarin kuma bai tsaya ga gobara ba. Ruwan da ya shiga ta ruɓaɓɓen faifai yana iya cin gaɓoɓin bututu ya buɗe su, sheƙar tsuntsu tana iya toshe shi, sai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta komo cikin gida. Ita ce dai wadda muke jin ta halaka iyali guda a dare ɗaya a garuruwanmu saboda janareta da aka tayar a rufaffen wuri, kuma saboda ita ne jihohi da yawa na Amurka suka wajabta na'urar gargaɗi a kusa da ɗakunan kwana.

Game da lokaci kuwa, masu share bututu da maƙera aiki yakan yi musu yawa daga Satumba zuwa Disamba, lokacin da kowa ya tuna da sanyi a rana ɗaya, har mutum ya yi makonni yana jiran a zo masa awo, sa'an nan ya sake jiran a ƙera. Wanda ya yi aikinsa da bazara yakan sami ma'aikaci cikin natsuwa, rufi a bushe ba santsi, danƙo kuma ya kama yadda ya kamata, domin ba ya son sanyi ko laima ranar da aka shafa shi. In faifan bai iso ba alhali an riga an cire tsohon, akan rufe bakin akwatin da tamfol a ɗaure, kuma ba a kunna wuta ko sau ɗaya sai an cire tamfol ɗin an gama ɗorawa, mai duba gini ya zo ya sa hannu.